Kar ki kwance igiyarki don kin sayi injin busar da kaya

Cikin wata guda mutum uku suka kira ni a kan magana ɗaya. Ƙanwata da ke unguwar Rikkos a nan Jos ta ce suwaitar makarantar ɗanta ta tsuke ta koma kamar ta 'yar tsana. Matar ƙanin maigidana ta ce katin wutar da ke kai su wata ya ƙare kafin sati biyu. Sai wata amarya a layinmu da aka haɗa mata injin a kayan ɗaki, ita kuma wai yana ta juyi awa uku amma tawul bai bushe ba. Babu kuskuren da suka yi wanda ban riga su yi ba, kuma na biya kuɗinsa. Na gaji da maimaita bayani a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambaya in tura mata ta karanta.

Ban ga laifin duk wadda ta sayi injin busar da kaya a Jos ba, wanda masu shago ke kira diraya. Garin nan yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma wanda ya yi Agusta ɗaya a nan ya san yadda take. A yi kwana uku ana yayyafi, hazo ya sauko har kan kwanon ɗaki, rana ta leƙo minti goma ta koma. Wandon jins ya kwana biyu a igiya, ki taɓa ƙugunsa ki ji shi sanyi ƙalau, ga warin ruma ya fara kama shi. Wannan ne ya sa ni ma na sayi nawa a 2019, na hannu, irin wanda ake ce wa Beljiyam.

Ranar da aka kawo shi na yi kuskuren da har yau idan na tuna sai na ji haushin kaina. Na kira yaron maƙwabta na ce ya kwance min igiyoyin tsakar gida duka huɗu, wai ni na waye, na bar shanya. Har ƙusoshin na sa ya cire.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo ranar Lahadi, 11 ga Agusta, tsakiyar ruwa. Abban yara yana da babbar riga ta farar shadda, mai aikin hannu tun daga wuya har aljihu, sau ɗaya ya sa ta zuwa ɗaurin aure, kuma ita ya ware don zuwa idi. Wuyan ya ɗan yi dauɗa. Maimakon in kai wa masu wankin shadda, sai na ce ai ina da inji. Na wanke ta ranar Juma'a da yamma, na jefa ta ciki, na murɗa zafin har ƙarshe don ta yi saurin bushewa, na koma kicin ina ɓare albasa hankalina kwance. Da na buɗe ƙofar bayan awa ɗaya da rabi, abin da na jawo ba shadda ba ce. Ƙyallin nan da ke ɗaukar ido ya tafi gaba ɗaya, ta yi laushi kamar tsohon zanin gado, jikinta duk layi-layi na karaya, aikin wuyan kuma ya tattare ya cukuikuye yadin da ke kewaye da shi. Washegari da sassafe na ɗauke ta zuwa wurin masu bugu. Dattijon ya baza ta a kan gungumen, ya shafa ta da tafin hannu, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, gasa ta kika yi?" Ya sa mata sitaci, ya buga iya ƙarfinsa, ta ɗan farfaɗo, amma wuyan bai koma daidai ba har yau. Abban yara bai ce min uffan ba, ya ɗauki tsohon kaftani ya tafi idi, kuma da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi. Da muka je gaida Hajiya mahaifiyarsa, labari ya riga mu isa. Tambaya ɗaya ta yi min: "'Yar nan, ina igiyarki?" Garin neman gira na rasa ido.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Shadda auduga ce, kuma ƙyallinta daga matsi da gugar da aka yi wa fuskarta yake, sai sitaci da bugu su riƙa raya shi. Injin kuwa aikinsa biyu ne, iska mai zafi da wurgi da kaya a cikin ganga ɗaruruwan sau. Zafin yana tsuke auduga, wurgin yana kakkarya fuskar yadin. Zaren aiki da yadin riga kuma ba tare suke tsukewa ba, shi ya sa wuyan ya tattare. Tun daga ranar, a gidana shadda ba ta shiga inji, leshi mai duwatsu ba ya shiga, atamfa mai tsada ba ta shiga, haka hula, suwaita ta ulu, hijabi mai santsi, da duk abin da ke da roba a ƙugu ko a baki, don zafi yana kashe roba ta saki. Na san akwai masu sa atamfa a ƙaramin zafi su ce lafiya lau take fitowa. Su da atamfarsu. Ni an cije ni sau ɗaya.

Kayan kanti kuwa sukan zo da amsarsu a jiki, mu ne ba ma dubawa. A ɗan ƙyallen da ke cikin wuya ko gefen riga, ki nemi alamar murabba'i da da'ira a cikinsa. Ɗigo ɗaya a tsakiya, ƙaramin zafi. Ɗigo biyu, zafi na yau da kullum. Idan an ja masa giciye, kar ya shiga. Yawancin suwaitocin da muke ɗebo wa yara a kasuwar Katako idan sanyi ya gabato, ki duba, za ki ga giciyen nan.

Sai maganar wuta, inda matar ƙanin maigida ta faɗa. Mutane suna ɗauka injin busarwa ɗan'uwan injin wanki ne wurin cin wuta. Ba haka ba ne, ɗan'uwan hita ne. Irin na gama-gari yana jan wat 2,000 zuwa 2,500, kuma idan kika cika shi da tawul da zannuwan gado zai sha yunit 4 zuwa 5 kafin ya tsaya. Lokacin da aka kai kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, sai na ɗauki biro: busarwa ɗaya kusan naira 1,000 ke nan. Gidan da ke kunna shi sau 20 a wata ya ba da kusan naira 20,000 a farashin wancan lokacin, a kan aikin da rana ke yi kyauta. Ko ba a wannan rukunin kike ba, yunit ɗin da mita za ta cire duk ɗaya ne. Akwai sabon samfuri da ke juya zafinsa yana sake amfani da shi, ba ya cin rabin haka, sai dai ya fi tsada a shago kuma ya fi jan lokaci. Ƙaramin janareton nan na shago ba zai ɗauke shi ba, kar ma ki gwada, kuma idan kika ɗora shi a kan inbata da dare, ki shirya kwana a duhu. A bango kai tsaye ake jona shi, ba a doguwar wayar nan mai baki huɗu da kike cajin waya ba. Na ga wadda ta narke. Idan na hannu za ki saya, ki nemi wanda ya fito daga Ingila ko Turai, don wutarsu irin tamu ce. Na Amurka tsarin wutarsa daban, wahala kawai za ki saya.

Abin da ya rage min kuɗi ba wata dabara ba ce: ina sa injin wanki ya matse kayan a gudu mafi ƙarfi, wani lokaci sau biyu, kafin su shiga busarwa. Matsa ba ta cin wuta sosai, zafi ne ke ci.

Amaryar layinmu kuwa, da na je na jawo rariyar da ke bakin ƙofar injin, sai da na ɓamɓaro burbushin zare mai kauri kamar bargo. Wata biyu tana amfani da shi, ba ta san akwai rariya ba. Iska ba ta wucewa, ina kaya za su bushe? Kuma wannan burbushin auduga ce busasshiya a kusa da ƙarfe mai zafi, da shi gobarar irin waɗannan injuna ta fi farawa. Ni duk busarwa sai na share, ko ban ga komai ba. Idan naki mai tiyo ne a baya, tiyon ya fita waje ta taga, in ba haka ba tururin zai zauna a ɗaki bango ya yi funfuna. Idan mai tankin ruwa ne, a zubar da ruwan kowane lokaci. Tsumman kicin da ya sha man gyaɗa ko manja, da kayan aikin da fetur ya taɓa, ko an wanke su, ba sa shiga, suna iya kamawa da kansu. Kar ki kunna ki tafi biki, kar ki kunna ki kwanta. Kar ki cusa kaya har ƙofa ta rufu da ƙyar. Kar ki haɗa tawul da singiletin yara, ɗaya zai gasu kafin ɗaya ya sha iska. A duba aljihu, biro ɗaya ya ishi ganga guda. Tabon da bai fita a wanki ba, zafi zai zaunar da shi dindindin.

To ku kuma masu igiya da ke karantawa kuna dariya kuna cewa Allah ya ƙara, ku matso, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya fi tayar min da hankali a harkar wanki ba a inji ya faru ba, a shanya ne.

Da na kwance igiyoyina, kuma aka yi kwanaki babu wuta, sai na koma shanya a kan ciyawar bayan gida, ƙarƙashin mangwaro. Har da kayan autana, lokacin yana wata bakwai. Suna bushewa na naɗe na sa masa, ban yi guga ba, na ce ai kayan jariri ne. Bayan kwanaki sai ga ƙuraje uku a bayansa, jajaye kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Yaro ba ya barci, yana ta gantsarewa. Na shafa wannan, na shafa wancan. Da muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta kalla sau ɗaya ta ɗauko basilin ta toshe bakin ramin, muka jira, sai ga abu yana motsi. Ta matsa a hankali, farar tsutsa ta fito, ta fi ƙwayar shinkafa kauri. Uku ta cire. Na zauna a benci ƙafafuna suna rawa. Ta ce, "Maman yaro, a ƙasa kike shanya, ko? Kina guga?"

Wani ƙuda ne ke yin wannan aika-aika. Yana zuba ƙwai a ƙasa mai laima ko a jiƙaƙƙen tufa, musamman mai saurin warin fitsari ko gumi, kuma inuwa yake bi, ba ya son rana tsaka. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta jira fata, ta huda ta shige ta girma a ciki. Zafin dutsen guga yana kashe ta. Wannan ne wuri ɗaya da nake yaba wa inji ba tare da ƙorafi ba, don kayan da bai taɓa kwana a waje ba ƙuda bai gan shi ba. Amma don Allah, ku da ke baza kayan yara a kan ciyawa, a kan katangar fulawa, a kan tarin bulo, me igiya ta yi muku? Nawa ake sayar da ita? Kuma ku bar cewa wando na ciki da kayan jarirai ba sa buƙatar guga tunda ba a gani. Su ne ma suka fi buƙata, ciki da waje, har bakin ɗinki. In babu wuta, dutsen gawayi yana nan.

Sauran na igiya ƙanana ne. Atamfa da duk mai launi a juya bayanta, a ɗauke da zarar ta bushe, rana tana cin launi. Farare kuwa a ba su rana sosai, ragowar tabon manja ma rana ce ke ɗauke shi. Waya mai tsatsa tana zana layi a farar riga, a goge igiya da jiƙaƙƙen tsumma kafin a shanya. Suwaita a shimfiɗe take bushewa, idan kika rataye ta hannuwan za su kai gwiwa. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, kaya ba sa wuce awa biyu, wadda ta bar su tun safe har magariba ƙura ta shanya, sai ta sake wanki. Kunna inji a watan Janairu a Jos kuwa, ban san sunan da zan ba shi ba. Idan dole ta sa shanya a ɗaki da damina, a buɗe taga a kunna fanka, a bar tazara tsakanin kaya, kuma ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

Yanzu igiya shida gare ni, huɗu a tsakar gida inda rana ke faɗawa, biyu a ƙarƙashin rumfar baranda don ranar ruwa. Injin yana aiki daga wajen Yuli zuwa Satumba, kuma ko a lokacin sai kaya sun sha iska a baranda tukuna, sannan in ba tawul, jins da yunifom ɗin yara minti ashirin su ƙarasa. Da ruwa ya ɗauke sai in share rariyar, in zare shi daga bango, in rufe shi da tsohon zani. A kansa nake ajiye kwandon fegi. Babbar rigar tana nan a ƙasan akwati, Abban yara ya hana a bayar.