Yadda ake nazarin ƙananan kayan ibada da aka raina a tarihin Amurka

In ana maganar fasahar Amurka hankali yakan tafi kan manyan zane-zanen gidan tarihi, amma ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne ƴan kayan da talaka ya riƙe da hannunsa yana ibada har suka tsufa, ba wanda ya kula da su.

Da farko ka zaɓi abu ɗaya tak, kar ka ce sai ka kwashi duka. Mu ɗauki maficin coci, wanda baƙaƙen fata a kudancin Amurka suke fifita da shi tun kafin AC ta yawaita. Kwali ne kawai aka maƙala masa ɗan itace.

Na biyu, ka zauna ka dube shi sosai kafin ka karanta komai a kansa. Wani malami a jami'ar Yale, Jules Prown, ya tsara wannan hanyar a 1982, ya ce a fara da siffantawa, sannan abin da ka fahimta, hasashe shi ne ƙarshe. To ka rubuta girmansa, launinsa, inda ya lanƙwashe, inda gumin hannu ya sa itacen ya yi duhu. Mutane da yawa nan suke gaggawa, wallahi kuma nan ne aikin yake.

Sai ka juya bayansa. A gaba za ka ga hoton Annabi Isa ko na Martin Luther King, a baya kuwa sau da yawa tallan kamfanin shirya jana'iza ne da adireshi, su ne suka buga suka raba wa coci kyauta. Ka ga kenan ibada da kasuwanci da tunanin mutuwa duk a kwali ɗaya, kuma adireshin nan zai nuna maka gari da unguwa.

Bayan nan ka tambayi yawansa. Hoton fuskar Isa da Warner Sallman ya zana a 1940 masana sun daɗe suna masa kallon kayan kasuwa, alhali an buga shi sama da sau miliyan 500, har sojojin yaƙin duniya na biyu suna saka ƙaraminsa a aljihu.

Sannan ka nemi bakin mai abin, in akwai. Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a jihar Jojiya, ta ɗinka bargon faci mai gida 11 da labaran Baibul, aka nuna shi a 1886, daga baya talauci ya sa ta sayar a dala 5, amma sai da ta yi wa mai sayen bayanin kowane gida aka rubuta. Yanzu yana gidan tarihin Smithsonian a Washington, kana iya ganinsa a intanet. Don Allah kar ka ɗora fassararka a kan tata.

Akwai kuma inda mu muke da abin cewa. Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro, wajen kogin Senegal, da aka bautar a Karolina ta Amurka, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, Library of Congress, laburaren majalisar dokokin Amurka, ta sa hotunan shafukan a shafinta na intanet. Ka buɗe, ka ƙara girman shafin farko-farko, in ka yi makarantar allo za ka gane salon rubutun, kuma da Tabaraka ya fara.