Lasisin Talabijin a Birtaniya: Kurakuran Masu Kallo a Kwamfuta da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya kama gidan haya a Birtaniya, ko ɗalibi ne da ya zo karatu ko ma'aikaci ne da ya zo da iyalinsa, ba ya daɗewa kafin wasiƙar hukumar lasisin talabijin, wato TV Licensing, ta faɗo ta ramin ƙofarsa. Da yawa daga cikin mutanenmu sukan karanta ta su jefa a kwandon shara, bisa hujjar cewa ba su da akwatin talabijin a ɗaki, kwamfuta ce kawai da wayar hannu. Daga wannan hujja ce kusan dukkan sauran kurakuran suka samo asali, domin dokar ƙasar ba ta damu da irin na'urar da ke gaban mutum ba. Abin da take dubawa shi ne irin shirin da yake kallo da kuma lokacin da yake kallonsa.

Dokar Sadarwa ta shekarar 2003 ce tushen wannan tsari na biyan kuɗin lasisi domin kallon talabijin, kuma abubuwa biyu ne suke wajabta lasisi. Na farko shi ne kallo ko naɗar duk wani shiri a daidai lokacin da wata tashar talabijin take watsa shi. Na biyu shi ne amfani da BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ko shirin kai tsaye ne ko tsoho. Ko a akwatin talabijin aka yi kallon, ko a kwamfuta, ko a waya, ko a na'urar wasan yara, hukuncin ɗaya ne. A watan Afrilun 2025 kuɗin lasisin shekara ya kama fam 174.50, bayan ya kasance fam 169.50 a shekarar da ta gabace ta, kuma wanda kotu ta samu da laifin kallo ba tare da shi ba yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 1,000, ban da kuɗin shari'a.

Kuskuren da ya fi kama masu jin Hausa, a ganina, shi ne zaton cewa lasisin na tashoshin Birtaniya ne kaɗai. Mutum zai ce shi bai taɓa buɗe BBC One ko ITV ba, abin da yake kallo tashoshin gida ne ta intanet, labaran NTA da dare ko shirye-shiryen Arewa24. Dokar ba ta ware tashoshin waje ba. Matuƙar mutum yana zaune a Birtaniya yana kallon tashar talabijin a lokacin da take watsa shirinta, ko daga Abuja take watsowa ko daga Yamai, yana bukatar lasisi. Wannan ya shafi har tashar Saudiyya da ke nuna sallar tarawihi daga Masallacin Harami a watan Ramadan, wadda gidaje da yawa suke barinta a kunne a kwamfuta daga magariba har sahur. Na san wannan magana tana yi wa mutane nauyi, domin BBC ce ke cin moriyar kuɗin lasisin, ba waɗannan tashoshi ba, amma haka dokar take. Mafita ga wanda ba ya son biya ita ce ya jira a gama watsa shirin, sannan ya kalle shi a shafin tashar ko a YouTube bayan an ɗora shi.

Akwai kuma ruɗani game da ma'anar "kai tsaye". Wasu suna ɗauka cewa ana nufin abin da ke faruwa a wannan lokaci kawai, kamar wasan ƙwallon ƙafa ko jawabin shugaban ƙasa. A wajen hukumar, tsohon fim da aka yi shekara talatin da suka wuce ma ya shiga wannan rukuni idan wata tasha ce take nuna shi yanzu bisa jadawalinta, haka nan maimaicin shiri, da tashoshin da ke nuna komai da jinkirin awa ɗaya. Naɗar shiri domin a kalla daga baya shi ma bai kuɓutar da kowa ba, saboda naɗar kanta tana bukatar lasisi.

Sai batun BBC iPlayer, inda har yanzu ake yawo da tsohon bayani. Kafin ranar 1 ga Satumban 2016, mutum yana iya kallon tsofaffin shirye-shirye a wannan manhaja ba tare da lasisi ba, kuma waɗanda suka yi karatu a ƙasar a wancan zamani suna ci gaba da ba wa ƙannensu wannan shawara da kyakkyawar niyya. An rufe wannan ƙofa tun daga ranar, in ban da shirye-shiryen tashar S4C ta yankin Wales da ake kallo bayan an watsa su. Saboda haka idan wani ya ce maka "ai ba kai tsaye ba ne", ka tambaye shi ko a iPlayer ne, domin idan a can ne maganarsa ta tsufa.

Wasu kuma kuskurensu ta ɗaya ɓangaren yake, wato suna biyan kuɗin da bai hau kansu ba don tsoron wasiƙun da ake aiko musu. Wanda kallonsa bai wuce fina-finan Netflix ko Amazon Prime Video ba, ko bidiyon YouTube, ko tsofaffin shirye-shiryen ITVX (manhajar tashar ITV) da Channel 4, ba ya bukatar lasisi. Sauraron rediyo ma kyauta ne, domin an soke lasisin rediyo tun 1971, don haka mai sauraron Sashen Hausa na BBC ko mai karanta labarai a shafinsa ba shi da abin biya. Inda ake zamewa shi ne lokacin da waɗannan manhajoji suka nuna wani abu kai tsaye, kamar wasan ƙwallo a Amazon ko tashar labarai da ke watsa shirinta a YouTube. Biyan kuɗin wata-wata ga waɗannan kamfanoni bai maye gurbin lasisi ba. Wanda ya tabbatar ba ya kallon komai daga cikin abin da doka ta ambata, sai ya shiga shafin TV Licensing ya cike sanarwar cewa ba ya bukatar lasisi, maimakon ya bar wasiƙu suna taruwa. Amma kada ya cike ta alhali yana kallo, domin jami'ai suna iya zuwa su tabbatar.

Ɗalibai suna da nasu matsaloli, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani sosai. Lasisin da jami'a ta saya don talabijin ɗin ɗakin taruwa a gidan kwanan ɗalibai bai shafi ɗakin kowane ɗalibi ba. Akwai wani sassauci da ake yawan ambatawa, cewa ɗalibi yana iya fakewa da lasisin iyayensa idan na'urarsa tana aiki da batirinta kawai, ba a jona ta da wutar bango ko eriya ba a lokacin kallon. Wannan gaskiya ne, sai dai sharaɗinsa shi ne gidan iyayen ya kasance yana da lasisi, kuma can ne mazaunin ɗalibin idan an yi hutu. Ɗalibin da iyayensa suke Kano ko Maraɗi ba shi da wani lasisin gida da zai fake da shi, ko da kuwa bai taɓa jona kwamfutarsa da wuta ba. Na sha jin sababbin zuwa suna maimaita maganar batir ɗin nan kamar ta shafi kowa, saboda sun ji ta daga abokan karatunsu 'yan ƙasa, waɗanda ita ɗin ta shafa da gaske. Wanda ma sassaucin ya shafa, da zarar ya soka cajar kwamfutar a bango yana cikin kallo, ya fita daga ƙarƙashinsa.

A gidan da mutane da yawa suke haya tare, takardar yarjejeniyar haya ce take raba gardama. Idan duk mazauna gidan sun sa hannu a takarda ɗaya, galibi lasisi ɗaya ya wadatar da su, sai su raba kuɗin a tsakaninsu. Idan kuwa kowa yana da tasa takardar ta ɗakinsa daban, to kowa zai nemi nasa lasisin muddin yana kallo a ɗakinsa. Bai kamata a ɗauka cewa mai gida ya biya ba sai an ga hakan a rubuce, domin alhakin yana kan mai kallo.

Lasisi yana bin adireshi ne, don haka wanda ya tashi daga Manchester ya koma Leeds dole ne ya sanar da hukumar sabon mazauninsa, abin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna a intanet. Wanda kuma ya gama karatu zai koma gida, ko ya daina kallo gaba ɗaya, yana da damar neman a mayar masa da kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Mutane da yawa suna barin wannan kuɗi saboda rashin sani. Haka nan makafi suna da rangwamen rabin kuɗi, kuma waɗanda suka kai shekara 75 suna samun lasisi kyauta idan suna karɓar tallafin fansho da ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Ga wanda biyan kuɗin a dunƙule zai yi masa wuya, ana iya biya wata-wata ta banki, sai dai a sani cewa lasisin farko ana tattara kuɗinsa ne cikin wata shida, shi ya sa abin da ake cirewa a farkon yakan fi yawa.

Idan jami'in hukumar ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba shi da ikon shiga gida sai da izinin mai gidan ko da takardar bincike daga kotu. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a rikice a sa hannu a takardar bayanin da ya rubuta ba tare da an karanta ta ba, alhali ita ce ake gabatarwa a matsayin hujja. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi wanda zai karanta masa kafin ya sa hannu. Idan kuma takardar tuhuma ta zo daga kotu, a amsa ta cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, domin a Ingila da Wales alƙalin majistare yana iya yanke hukunci bisa takardu kawai ba tare da wanda ake tuhuma yana wurin ba. Rashin lasisi shi kaɗai ba ya kai mutum gidan yari, amma ƙin biyan tarar da kotu ta yanke yana iya kai shi.

Daga ƙarshe akwai 'yan damfara da ke aiko saƙon imel ko na waya da sunan hukumar, suna cewa banki ya ƙi biyan kuɗin lasisi ko kuma akwai rarar kuɗin da za a mayar wa mutum, sannan su nemi lambobin katinsa. Kada a taɓa mahaɗin da ke cikin irin wannan saƙo. A buɗe shafin hukumar da hannu, a shigar da lambar lasisi, a duba ko da gaske akwai bashi.