Darasi na Tara: Farfaɗo da Alƙalamin Maka da Ya Bushe

Duk wanda ya shiga Tudun Hatsi a Gombe lokacin kaka zai ga buhuna jibge, na wake, na masara, na dawa, kowanne da baƙin rubutu a jikinsa. Sunan mai kaya ne, da garin da za a sauke shi, da lambar waya. Haka ma a tashar mota, direba ba ya son karɓar saƙon kwali sai an rubuta sunan mai karɓa ɓaro-ɓaro. Alƙalamin maka ne ke yin wannan aiki, irin wanda rubutunsa ba ya goguwa ko da ruwan sama ya dake shi.

Da yawa daga cikinku a da sai kun nemi wani ya rubuta muku. Yanzu kun iya da hannunku, alhamdu lillahi. To abin takaici ne mutum ya iya rubutu, ya ɗauko alƙalaminsa a gaban direba, ya ja a jikin buhu, ya ga babu komai sai wani fari-farin layi. Mafi yawan mutane a nan suke jefar da shi su sayi sabo. Ku dakata tukuna. Sau da yawa tawadar tana nan ciki, bushewa kawai ta yi, kuma akwai magani a gida.

Abin da ke cikinsa

In kuka fasa tsohon alƙalamin maka, ba za ku ga tawada tana gudu kamar ta biro ba. Abin da za ku gani shi ne wani dogon soso mai kama da matsattsiyar auduga, an naɗe shi da leda. Shi ke riƙe da tawadar. Bakin da ake rubutu da shi kuwa wani ɗan zare ne matsattse da ya shige cikin soson. Yana jawo tawada daga ciki zuwa waje yadda lagwani ke jawo kananzir a fitila.

Ita tawadar abu uku aka haɗa. Akwai launi, baƙi ko ja ko shuɗi. Akwai danƙo, wanda ke manne launin a jikin buhu ko leda ko ƙarfe. Sai kuma ruwan da ya narkar da su biyun har suke iya tafiya. Wannan ruwan shi ne jigon darasinmu, domin ba ruwan randa ba ne. A yawancin alƙaluman yau, dangin sifirit ne, irin wanda ma'aikaciyar asibiti ke goga wa mutum da auduga kafin ta yi masa allura. Kun san yadda wurin ke yin sanyi, nan da nan kuma ya bushe. Haka yake yi a jikin buhu: ana rubutawa sai ya bi iska, ya bar launi da danƙo manne. Shi ya sa rubutun ke bushewa kafin ka ɗaga hannu, shi ya sa kuma yake da wari mai shiga hanci.

Sifirit ba shi da haƙurin ruwa. Ruwa sai zafi ya kai digiri 100 yake tafasa, shi kuwa tun a wajen digiri 80. Ko ba a ɗora shi a wuta ba, in aka bar shi a buɗe tafiya yake yi. Ku haɗa wannan da yanayinmu na Gombe: daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busar da leɓe da ƙafa, a Maris da Afrilu kuma zafi na kusantar digiri 40. Alƙalamin da aka bari babu murfi a kan tebur a irin wannan lokaci, ko aka manta shi a gaban mota rana na dukan gilashi, ba ya daɗewa. Sifirit ɗin ya gudu, danƙon ya daskare a bakin, ya toshe hanya. Aikinmu shi ne mu mayar masa da abin da ya gudu.

Ku fara duba wane iri ne a hannunku

Ba duk maka ce iri ɗaya ba. Ku ja layi a jikin leda ko kwalba da ɗan abin da ya rage, ku bari ya bushe, sannan ku goga da jiƙaƙƙen yatsa. In bai motsa ba, mai zama ce, ita muke magana a kai. In ta goge fes da busasshen tsumma, ta farin allo ce irin ta malamai, ita ma sifirit ke tashinta. In kuwa irin ƙananan nan ne masu launi-launi da ake saya wa yara don zane, marasa wari, to su da ruwa aka haɗa su, kuma tsoma bakinsu a ruwan ɗumi na 'yan mintuna ya isa.

Hanya ta farko: jiƙa baki

Ku sayi ƙaramar kwalbar sifirit a kyamis. Ku karanta jikinta, ai yanzu kun iya. Za ku iya ganin lamba kamar 70 ko 90 ko fiye. Mai 70 na nufin kashi 30 cikin ɗari ruwa ne. Za ta yi aiki, amma mai lamba babba ta fi, domin danƙon tawada ba ya shiri da ruwa.

Ku zuba kaɗan a murfin kwalba, daidai yadda zai rufe bakin alƙalamin. Ku tsoma bakin, ku riƙe shi tsaye, ku zuba ido. Da farko ba za ku ga komai ba. Can sai wani siririn zaren baƙi ya fara fita daga bakin yana murɗawa cikin sifirit ɗin, ya yi ta bazuwa har ruwan ya fara duhu. Alama ce cewa daskararren danƙon ya saki. Kada ku bari har murfin ya cika da baƙi, tawadarku ce ke zubewa. Da kun ga zaren nan ya kama fita sosai, ku cire, ku ɗan dangwala a tsumma, ku rufe alƙalamin da murfinsa har ku ji ya ce ƙas.

Saura haƙuri. Ku tsayar da shi cikin kofi, baki yana kallon ƙasa, na kamar minti 15, sannan ku gwada a bayan kwali. Layin farko yakan fito tsamo-tsamo, launin toka-toka. Ku ci gaba da ja, zai yi ta ƙara baƙi. In bai gamsar ba, ku rufe ku bar shi ya kwana. Wanda ya ƙi da yamma sau da yawa yakan tashi da safe.

Hanya ta biyu: shayar da soson ciki

Alƙalamin da ya yi watanni a aljihun tebur, bushewarsa ta wuce baki ta kai ciki. Wannan sai an buɗe shi. Ku shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali, ku sa leda a hannu, ku kuma cire farar riga in ita ce a jikinku, domin tabon nan ba ya jin sabulu.

Ku duba gindin alƙalamin. Wasu suna da toshiya da ake iya zarowa da filaya. Wasu kuma, musamman masu jikin ƙarfe, wuyansu ake murɗewa ya buɗe. In babu ko ɗaya, sai a kama bakin da filaya a hankali a zaro shi tsaye. A nan ake ɓarna. In kuka matse bakin da ƙarfi zai tauye ko ya tsage, rubutu ya riƙa fita biyu-biyu. Ku naɗa masa ɗan tsumma kafin ku kama.

Da kun ga soson, ku ɗiga masa sifirit kai tsaye. Sabon sirinji marar allura ya fi daɗin aiki. Kada ku tsinci wanda aka yi wa wani allura da shi. Ku fara da ɗigo biyar zuwa goma, kuna jira kowane ɗigo ya nutse kafin na gaba. Ƙaramin alƙalami bai cika buƙatar fiye da mililita ɗaya ba. Mutum yakan ga abin na shanyewa sai ya yi ta ɗurawa. Ƙarshenta tawada ta tsinke, rubutu ya yi fari, ko ta tsiyayo ta ɓata aljihu. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa, don haka ku tafi sannu.

Ku mayar da komai mazauninsa, ku rufe, ku kwantar da shi ko ku tsayar baki ƙasa, ku bar shi yini guda.

Tambayar da ake yawan yi

A aji akan sami dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni ba ni da sifirit, amma ina da turare. Ba zai yi ba?" Amsar ita ce, "Inna, ajiye turarenki." Turaren fesawa yana da sifirit, gaskiya ne, amma yana da mai, kuma man yana hana tawada kama leda. Na kwalba mai maiƙo kuwa ya fi muni. Man wanke hannu mai kauri da ya yawaita a 2020 lokacin korona shi ma haka, abin da ya sa shi kauri zai toshe bakin. Ruwan goge jan farce na iya cinye robar alƙalamin. Fetur da kananzir kada ma a kawo su kusa. Ruwa zalla kuma ba ya narkar da danƙon, sai dai ya jiƙa soson a banza.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonku ku bari, wato lasar bakin alƙalami ko tofa masa miyau. Ba ya gyara komai, kuma tawadar nan ba a yi ta don shiga baki ba. Haka nan kada a yi wa yaro zane da ita a fata. Alƙalamin da masu rigakafin shan-inna ke shafa wa yara a ɗan yatsa nasa daban ne, an yi shi don wannan aikin.

A kula da sifirit

Wannan sashe ku karanta shi sau biyu. Sifirit na kama wuta nan take, kuma harshen wutarsa da rana da ƙyar ake ganinsa. Kada a yi wannan aiki kusa da murhu, ko risho, ko fitila, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko mai shan taba. A yi shi a tsakar gida ko bakin taga, inda iska ke wucewa.

Guba ne kuma. Wani irinsa akwai sinadarin metanol a ciki, wanda shan kaɗan daga gare shi ke iya makantar da mutum ko ya kashe shi. Ga shi fari tas kamar ruwan sha. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo. A bar shi a kwalbarsa, a ɗora can sama inda hannun yaro ba ya kai. Alƙalamin da kuka farfaɗo, aikinsa na farko ya zama rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi manja ko sa shi amai. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta.

In ya ƙi tashi

Wani alƙalamin da gaske tawadarsa ta ƙare. Za ku gane in kun zaro soson kun ga ya koɗe, ya yi fari-fari daga wannan kai zuwa wancan. Sifirit ba ya ƙirƙiro launi. Sai dai a shagunan littattafai akan sami kwalbar tawadar ƙari. Ga mai sana'ar da kullum yana rubutu a buhu ko jarka ko kwali, sayen kwalba ɗaya ya fi sayen alƙalami bayan alƙalami. A tabbatar ta mai zama ce, kada a ɗura ta farin allo, in ba haka ba sunan zai goge daga jikin ledar kafin mota ta kai Dukku ko Bajoga.

Alƙalami ɗaya kan karɓi wannan gyara sau biyu ko uku, kowane karo launin na ƙara raguwa. In bakin ya daku saboda rubutu a buhu mai kaushi, wasu bakunan ana iya zaro su a juya ɗaya kan. A guji rubutu a kan buhu mai ƙura ko jarka mai maiƙo, domin ƙura da mai su ke saurin toshe shi. Goge wurin da tsumma tukuna. Kuma ko tsayawa ka yi ka tambayi lambar waya, rufe murfin kafin a gama faɗa maka.

Aikin gida

Kowa ya nemo busasshen alƙalamin maka guda ɗaya, a gida ko a shagon maƙwabci, ya gwada hanya ta farko. In ta ƙi, ya zo da shi aji mu buɗe tare, akwai filaya da sirinji a wurin malami. Wanda nasa ya tashi, ya samo kwali ya rubuta layi uku da manyan baƙaƙe: sunansa a sama, garinsu a tsakiya, lambar waya a ƙasa. Ku ƙirga lambobin, 11 ne, kada ɗaya ta faɗi. Za mu jingina kwalayen a bango, mu ja da baya taku goma, mu ga wanda direba zai iya karantawa daga kan mota.