Yadda Ake Gane Burushin Kabon Ya Kai Lokacin Canji

Injin huda da injin yankan ƙarfe na hannu galibi suna ɗauke da 'yan sandunan kabon guda biyu da ake kira burushi, waɗanda ke kai wuta ga zoben tagulla mai rabe-rabe da ke jikin amaca, wato sashen da ke juyawa a cikin injin. An yi su da laushi da gangan domin su riƙa cinyewa a bar tagullar, saboda burushi yana da araha, amaca kuwa tana da tsada.

Ba a auna rayuwar burushi da watanni, da tsawonsa ake aunawa. A cire injin daga wuta, a kwance murfin da ke gefe, a zaro burushin. Wasu kamfanoni, kamar Makita, suna zana layi a jikinsa, kuma da zarar cin ya kai layin sai canji. Idan babu layi, kada a bari ya gaza kashi ɗaya bisa uku na tsawonsa na asali, domin daga nan sifirin da ke danna shi ya rage ƙarfi, tartsatsi ya yawaita, har ta kai wayar cikin burushin ta fara kartar tagulla.

Abin da ke gaggauta cin sun haɗa da ɗora wa inji aikin da ya fi ƙarfinsa, da ƙurar ƙarfe ko siminti, da busasshiyar iska. Wannan na ƙarshe ba kowa ya san shi ba: kabon yana buƙatar ɗan danshi a iska kafin ya yi santsi, don haka ya kamata a ƙara yawan dubawa a lokacin hunturu. Launin ruwan ƙasa mai ƙyalli da ke bayyana a kan zoben ba datti ba ne, shi ne ke rage gogayya, kuma masu kankare shi har tagulla ta yi ja suna rage wa burushi kwana ne kawai. Mai da giris kuwa kada su kusanci wurin.

A canza biyun tare, da masu lamba ɗaya da na asali, ko da ɗaya ne ya fi cinyewa, sannan a bar injin ya yi 'yan mintoci yana juyawa ba tare da aiki ba domin bakinsu ya zauna daidai a kan zoben. Idan tartsatsi ya ci gaba da zagaye zoben bayan haka, galibi matsalar tana cikin amaca, sai a kai wa mai rewaya.