Yadda za ki haɗa allon hotuna don shirin makaranta da safe

Iyaye mata daga Tudun Wada da Samaru a Zariya sun yi ta tambaya: yaya za a rage rigimar safiya da yaro mai galahanga (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) ko jinkirin magana? Ga matakan.

1. Ki zaɓi ayyuka huɗu kacal: wanke baki, wanka, sa kayan makaranta, karin kumallo.
2. Ki ɗauki hotonsa da waya yana yin kowanne.
3. Ki kai wa masu hoto a Sabon Gari su wanke miki.
4. Ki liƙa hotunan a kwali bi da bi, daga sama zuwa ƙasa.
5. Ki rataya kwalin daidai idonsa.
6. Ki nuna hoto ɗaya, ki faɗi kalma ɗaya: "Wanka."

Hattara, a nan ake ɓata rawar da tsalle. Kada ki jero masa umarni uku a numfashi ɗaya, kada ki daka tsawa. Ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci. Ba taurin kai ba ne, maganar ce take ɗaukar lokaci kafin ta zauna masa.

7. Da ya gama, ki yaba masa nan take.
8. Ki haɗa wa malamarsa wani kwalin na ayyukan aji.
9. Idan ya daina faɗin kalmomin da ya saba faɗa, ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.