Yadda na gyara teburin da hunturu ya tsaga

Kafin in taɓa tsagar, na goge ƙarƙashin teburin da sanfefa domin in san irin katakon, sai na ga jaja-jaja ne, mai nauyi da ƙananan ramuka, wato maɗaci. Abin cikon da ake sayarwa a kasuwa ya yi haske da yawa, saboda haka na kwaɓa garin katakon da ya zubo da farin gam, na cusa shi a tsagar, na bari ya kwana.

Na goge wurin sosai, domin ragowar gam tana barin tabo a ƙarƙashin banish, wato man da ake shafa wa katako don ya yi sheƙi. Banish ɗin shafin farko na tsinka shi da tina don ya shiga ramukan, sannan na ƙara biyu a ɗaki rufaffe saboda ƙura.