Baje kolin Sallah da na kaka: inda ƙananan gidajen tarihi ke tuntuɓe

A ƙananan garuruwan Gombe da Bauchi, gidan tarihi sau da yawa ɗaki ɗaya ne ko biyu a gefen fada, kayan cikinsa kuma rabi aro ne daga gidajen mutane. Kuskuren farko tun wajen tsayar da rana ake yinsa. Kwamiti ya zauna ya ce a nuna kayan doki a makon Sallah, a tashi neman lifidi da sulke da kwalkwali da sirdi. To, a makon ne masu su ke bukatarsu. Wane hakimi ne zai ba ku alkyabbarsa ana gobe hawa? Ku buɗe bayan mako biyu, kaya sun dawo an kakkaɓe, zancen hawan bai bar bakin mutane ba. Haka baje kolin kayan noma a tsakiyar damina: dattawan da za su nuna wa yara bambancin garma da magirbi duk suna gona. A bari sai kaka, a kuma sa buɗewa ta faɗo ranar kasuwa.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa daga kyakkyawar niyya take zuwa. Hunturu ya shigo, fatar garkuwa ko ta gafaka ta bushe ta fara tsagewa, sai wani mai tausayi ya shafa mata man gyaɗa. Fatar ta yi baƙi, ƙura ta manne, ƙwari su biyo ƙamshi. Buroshi mai laushi da kyalle busasshe sun wadatar. Da damina kuma sai a ɗaure riguna cikin leda wai kada su yi datti, laima ta taru, a kwance a tarar da fumfuna. Ku naɗe su da farin yadin auduga da aka wanke, ku ɗaga akwati daga ƙasa, ku janye shi daga bango, don ta nan gara ke bi. Rigar rini kada ta fuskanci taga. Rana na cin launi a hankali, kuma ba ya dawowa.

Takardun ajami su ne suka fi ban tausayi. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada kuma a kai shi shago a rufe da roba a inji, domin abin da aka yi an yi ke nan. A ɗauki hoto a nuna, asalin ya zauna cikin inuwa tsakanin takardu masu tsabta. Takobi da tulun tagulla ma ba a goge su da toka da lemon tsami don su yi sheƙi ranar da manya za su zo.

Sai rubutun da ke jikin kaya. Layi ɗaya na Turanci ba ya gaya wa ɗan firamare komai. Ku rubuta da Hausa, a inda ya dace ku ƙara Fulatanci: na wa ne, daga wace unguwa, me ake yi da shi. Amma a yi hattara da ƙari. Gaskiya ne an yi yaƙin Bormi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, gaskiya ne kuma hedikwatar masarautar Gombe ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Wannan bai sa kowane mashi mai tsatsa ya zama na Bormi ba. Idan labarin daga bakin iyali ya fito, a rubuta "in ji iyalan gidan".

Aro kuma kada ya tsaya a fatar baki, ko da daga gidan kawunka ne. A buɗe littafi: sunan mai kaya, hoton abin gaba da baya, duk wata tsaga ko ɗinki da ya zo da shi, ranar mayarwa, da sa hannun shaida. Ranar rufewa ku mayar da kayan da kanku, da littafin a hannu, mai kaya ya duba ya sa hannu.